FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa ba a jona janareta da babban layin wutar lantarki sai bugunsu ya zo ɗaya

Duk lokacin da babban layin wutar lantarki na Najeriya ya durƙushe, sanarwar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce: injiniyoyi na kan aiki, kuma ana dawo da wuta sannu a hankali. Wani gari ya samu cikin sa'o'i biyu ko uku, wani kuwa ya kwana cikin duhu. Mai sayar da ƙanƙara da hajarsa ke narkewa, ko asibitin da ya koma ƙona dizal, na iya tambayar abin da ya hana a tayar da injinan gaba ɗaya a turo wutar, tunda ruwa na nan a madatsa, wayoyi kuma ba su tsinke ba.

Babban ɓangare na amsar yana cikin wata ƙa'ida da ba a cika jin labarinta a wajen tashoshin wuta ba. Ba a yarda janareta ya shiga babban layi sai saurin bugunsa ya zo daidai da na layin, kuma a manyan injina bambancin da ake ɗaga ƙafa a kai bai kai kashi ɗaya cikin goma na bugu guda a daƙiƙa ba. Wannan 'yar tazara ce ke yanke hukunci kan saurin dawowar wuta, da lafiyar injinan da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu, har ma da yiwuwar cinikin lantarki tsakanin Najeriya da maƙwabtanta.

Mene ne bugun wuta?

Lantarkin da ke zuwa gidaje ba ya kwarara ta fuska ɗaya kamar ruwa a bututu. Kai-komo yake yi a cikin waya, ya tafi ya dawo. Yawan wannan kai-komo a cikin daƙiƙa guda shi ne bugun wuta, kuma ana auna shi da haz, ma'aunin da aka raɗa wa sunan masanin kimiyyar nan Bajamushe, Heinrich Hertz. Masu sauraron rediyo sun saba jin kalmar a cikin kilohaz da megahaz.

Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Turai suna aiki da haz 50. Amurka da Kanada suna kan 60. Japan kuwa a rabe take: gabashinta 50, yammacinta 60.

Bugun ya samo asali ne daga juyawar injin. Janareta mai kan maganaɗisu biyu, irin wanda ake samu a manyan tashoshin iskar gas da na tururi, sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da haz 50. Mai kai huɗu, kamar yawancin manyan janaretocin dizal na masana'antu, sau 1,500 yake juyawa. Injinan madatsun ruwa irin na Kainji da Jebba da Shiroro suna juyawa a hankali sosai fiye da haka, sai dai an cika su da kawunan maganaɗisu masu yawa domin lissafin ya fito daidai.

Duk injinan da ke kan layi ɗaya suna tafiya da bugu ɗaya. Na Egbin a Legas da na Shiroro a Jihar Neja a ɗaure suke da juna ta wayoyi, tamkar sanda ɗaya ce ke juya su. Idan masu amfani suka ja wuta fiye da abin da tashoshi ke samarwa, nauyin ya danne injinan duka, su rage gudu, bugun ya sauka. Idan aka samar fiye da buƙata, sai ya hau. Saboda haka lambar da ke kan allo a Cibiyar Kula da Layin Wuta ta Ƙasa da ke Osogbo ita ce ke nuna lafiyar tsarin a kowace daƙiƙa.

Sharuɗɗa huɗu kafin a rufe makunni

Wanda ya taɓa kallon mata suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa ta ukun ba ta faɗawa haka kawai. Sai ta tsaya da taɓaryarta, ta saurari saurin dakan, ta ɗauki salon, sannan ta shiga a daidai gurbinta. In ta fi su sauri ko ta shiga a lokacin da ba nata ba, taɓare ne za su gwabza. Janaretan da ke shirin shiga babban layi yana cikin irin wannan hali, sai dai shi dakan sau 50 ake yin sa a daƙiƙa.

Abubuwa huɗu ake dubawa. Na farko shi ne jerin layuka ukun da manyan injina ke fitarwa: dole su bi tsari ɗaya da na babban layi. Wannan akan tabbatar da shi ne lokacin girka injin ko bayan babban gyara. Na biyu shi ne ƙarfin wutar, wato yawan bolt ɗin da injin ke bayarwa ya yi daidai da na layin. Na uku shi ne bugun. Na huɗu shi ne kusurwa, wato injin da layin su kasance a matsayi ɗaya na zagayensu a daidai lokacin da makunnin zai rufe. Ana auna wannan da digiri, inda cikakken zagaye yake digiri 360.

Na uku da na huɗu a sarƙe suke. Muddin akwai bambancin bugu, kusurwar ba ta tsayawa wuri ɗaya: tana buɗewa tana rufewa, kuma gwargwadon girman bambancin, gwargwadon saurin wucewar damar da za a rufe makunni lafiya.

Iyakar da aka amince da ita

Alƙaluman da injiniyoyi suka fi kafa hujja da su sun fito ne daga IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki mai hedikwata a Amurka. Ƙa'idojinta biyu da suka shafi ƙera manyan janaretoci, masu lamba C50.12 da C50.13, sun ce ana ƙera injin ne domin ya jure jonawa ba tare da lahani ba idan bambancin bugu bai wuce haz 0.067 ba, kusurwa ba ta wuce digiri 10 ba, ƙarfin wutar injin kuma ya yi daidai da na layin ko ya ɗara shi da abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

A injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, haz 0.067 na nufin juyi huɗu kacal. Wato idan layin na kan haz 50 cif, injin da ke juyawa sau 3,004 yana bakin iyaka, wanda ya kai 3,010 kuwa ya fita.

Ga ƙananan masu samar da wuta da ke jonuwa ta layukan rarrabawa, wata ƙa'idar ce mai lamba 1547, kuma ta sassauta gwargwadon ƙanƙantar injin. Wanda bai wuce kVA 500 ba an yarda masa da bambancin haz 0.3, da digiri 20, da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wuta. Daga 500 zuwa 1,500 iyakar ta koma haz 0.2, da digiri 15, da kashi 5. Wanda ya haura 1,500 kuwa haz 0.1 ne, da digiri 10, da kashi 3. Hikimar a fili take: ƙaramin inji ba shi da nauyin da zai girgiza layin, babba kuwa yana iya jawo wa kansa da maƙwabtansa ɓarna.

Waɗannan lambobi ma'auni ne da ake komawa gare shi. Hukuncin ƙarshe yana hannun kamfanin da ya ƙera injin da kuma dokar layin wuta ta kowace ƙasa, kuma tashoshi da dama kan tsaurara wa kansu fiye da haka.

Allurar da ke juyawa

A ɗakin sarrafa tasha akwai wata na'ura mai fuskar agogo da allura ɗaya. Juyawar allurar ita ce ke nuna bambancin bugu, wurin da take kuma shi ke nuna kusurwa. Idan bambancin haz 1 ne, allurar na zagayawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ido ma da ƙyar yake bin ta. A haz 0.1 tana ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ta zagayo. A haz 0.067 kuwa daƙiƙa 15 take ɗauka. Ma'aikacin yana jiran ta iso kusa da inda ƙarfe 12 yake a agogo, sannan ya ba da umarnin rufewa. Kafin zuwan wannan na'ura, da fitilu ake aikin: a jona su tsakanin injin da layin, su riƙa haske suna dushewa, a rufe makunni a tsakiyar duhunsu.

Ana ba da umarnin ne gab da isowar allurar, domin makunnin kansa yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ƙarafansa su haɗu. A ƙaddara cewa jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. Idan bambancin bugu haz 0.067 ne, kusurwar za ta gusa da digiri 2.4 kawai a wannan ɗan lokaci. Idan rabin haz ne, za ta gusa da digiri 18, wanda tuni ya zarce iyakar digiri 10. A nan ake ganin dalilin da ya sa aka matse iyakar bugun.

Akwai kuma al'adar barin injin ya ɗan fi layin sauri kaɗan. Injin da ya shiga da ɗan rinjaye yakan fara tura wuta nan take. Wanda ya shiga yana baya kuwa, layin ne zai ja shi, ya koma yana shan wuta kamar mota mai aiki da lantarki, abin da ke iya cutar da farfelar injin tururi, kuma na'urar kariya kan fitar da shi ba tare da ɓata lokaci ba. A tashoshin zamani na'ura ce ke yin wannan lissafi da kanta, tare da wata ta daban da aikinta kawai shi ne hana makunni rufuwa idan sharuɗɗan ba su cika ba, ko da ɗan Adam ya matsa.

Da zarar an jona, injin ya shiga sahu. Ƙara masa ruwa ko gas ba ya sa shi tsere wa sauran. Yawan wutar da yake turawa ne ke ƙaruwa.

Abin da kuskure ke jawowa

Idan aka rufe makunni alhali kusurwar ta yi nisa, babban layi ba ya lallashi. Yana fizgar injin ne ya dawo da shi sahu cikin ƙiftawar ido. Ƙarfe mai nauyin tan da yawa da ke juyawa da gudu, a ce ya ci gaba ko ya ja baya nan take, wannan bugu ne da ke sauka a kan sandar injin da mahaɗanta da ginshiƙan da aka ɗora shi a kai. Wutar da ke kwarara a wannan lokaci tana iya kai wa ko wuce wadda ake gani idan wayoyi suka haɗu a bakin injin, ta jijjiga koyil, ta raunata taransifomar tashar.

Wani lokaci ɓarnar a take take bayyana. Wani lokaci kuma ɓoyewa take yi: tsaga ƙarama a ƙarfe ko rauni a rufin koyil, wanda sai bayan watanni zai kwantar da injin. A ƙasar da wutar da ake samarwa ba ta taɓa kai wa megawat 6,000 a babban layi ba, kwanciyar inji ɗaya na tsawon watanni rashi ne da talaka ke ji a jikinsa.

Iyaka ta biyu: layin kansa

Sau da yawa akan rikita iyakoki biyu. Wadda aka yi bayani a sama ta shafi bambanci ne tsakanin injin da layin. Ta biyun ta shafi inda aka yarda bugun layin kansa ya tsaya.

Dokar layin wuta ta Najeriya ta ce a yanayi na yau da kullum bugun ya kasance tsakanin haz 49.75 da 50.25. A lokacin matsi an yarda ya kai tsakanin 48.75 da 51.25. A Birtaniya doka ta ce tsakanin 49.5 da 50.5, amma masu sarrafa layin kan riƙe shi tsakanin 49.8 da 50.2. A babban layin nahiyar Turai, zangon da ake ɗauka na al'ada shi ne 49.95 zuwa 50.05.

Injin da zai shiga ba haz 50 na takarda yake nema ba; bugun da layin ke kai a wannan daƙiƙa yake bi. In layin na kan 50.3, to 50.3 zai nema. Matsalar tana tasowa ne idan layin ya ƙi zama wuri ɗaya. Faɗin zangon da dokar Najeriya ta amince da shi, rabin haz, ya ninka tazarar 0.067 fiye da sau bakwai. Idan bugun na hawa da sauka cikin sauri, gwamnan injin, wato na'urar da ke ƙara masa ruwa ko gas ko ta rage, sai ya yi ta bin abin da ba ya tsayawa. Wannan ya fi wuya a madatsun ruwa, inda ruwan da ke gangarowa ta ƙaton bututu ba ya amsa umarni nan take.

Rahotannin da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ke fitarwa duk wata uku sun sha nuna cewa bugun layin ƙasar na fita daga zangon da doka ta shata, sama da ƙasa. Dalilan sanannu ne: ƙarancin gas a tashoshi, rashin isassun injinan ko-ta-kwana da ke juyawa suna jiran a buƙace su, masana'antun narka ƙarfe da ke jan wuta mai yawa su sake ta farat ɗaya, da kuma yankewar layukan rarrabawa musamman lokacin ruwan sama da iska. Ƙanƙantar tsarin ma na taka rawa. Kowanne daga cikin injina shida na Egbin megawat 220 ne. A ranar da ƙasar ke samar da megawat 4,500, faɗuwar ɗaya daga ciki na nufin rasa kusan kashi 5 cikin 100 a lokaci guda.

Idan bugun ya yi ƙasa sosai, tashoshi kan cire kansu domin kare farfelarsu, wadda aka ƙera ta yi aiki a wani takamaiman gudu. Fitar kowace tasha na ƙara wa sauran nauyi, su ma su bi sahu. Maganin da ake amfani da shi a ko'ina shi ne yanke wa wasu unguwanni wuta da gangan domin a ceci sauran. Haka ta faru a Birtaniya ranar 9 ga Agustan 2019, lokacin da bugun ya sauka zuwa haz 48.8, na'urori suka katse wa kusan masu amfani miliyan ɗaya wuta, layin kuma ya tsira.

Dalilin jinkiri bayan durƙushewa

Idan layin ya mutu gaba ɗaya, babu bugun da za a bi. Yawancin tashoshin gas da na tururi ba sa iya tashi da kansu, domin famfunansu da na'urorinsu na buƙatar wuta daga waje. Shi ya sa akan fara da tashoshin da ke iya tashi ba tare da tallafi ba, kuma madatsun ruwa ne kan gaba a wannan aiki.

Injin farko shi ke kafa bugun. Sai a raya layi ɗaya, a ɗora masa kaya kaɗan, a jira ya daidaita, a kai wuta ga tasha ta gaba, ita ma ta tashi ta jona bisa sharuɗɗan nan huɗu. A wannan mataki tsarin yana da rauni ƙwarai: garin da aka saka wa wuta gaba ɗaya na iya danne injin ɗaya ko biyun da ke aiki, a koma gidan jiya. Sau da yawa akan raya yankuna daban-daban, kowanne da nasa bugun, sannan a haɗa su a wata tashar rarrabawa, nan ma sai allura ta yarda. Abin da jama'a ke gani a matsayin jan ƙafa, jerin jonawa ne da ba a tsallake ko ɗaya daga ciki.

Daga inji zuwa ƙasa

Ƙa'idar da ke kan inji ɗaya ita ce ke kan ƙasa sukutum. Ukraine ta cire layinta daga na Rasha ranar 24 ga Fabrairun 2022 domin gwajin tsayawa da ƙafarta, sa'o'i kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke, kuma ranar 16 ga Maris na wannan shekara aka jona ta da layin Turai tare da Moldova. Estonia da Latvia da Lithuania sun rabu da layin Rasha da Belarus ranar 8 ga Fabrairun 2025, suka riƙe bugunsu su kaɗai na kusan kwana guda, washegari suka shiga layin Turai ta Poland.

A Afirka ta Yamma, ƙungiyar ECOWAS ta kafa shirin haɗakar wutar lantarki na WAPP tun 1999. Najeriya ta daɗe tana sayar wa Nijar da Benin da Togo wuta, amma yankunan da ke shan wutarta suna bin bugunta ne, a ware daga na Ghana da Côte d'Ivoire da sauran ƙasashen yamma. Rashin zaman bugun Najeriya wuri ɗaya na daga cikin manyan abubuwan da suka hana haɗewar, domin babban tsari mai tangal-tangal yana iya jan ƙananan maƙwabtansa su faɗi tare. A watan Nuwamban 2025, hukumar NISO mai sarrafa layin Najeriya da WAPP suka sanar da cewa sun gwada jona ɓangarorin, kuma sun tafi da bugu ɗaya na tsawon sa'o'i huɗu. Mayar da gwajin ya zama na dindindin ya dogara ne kan iya riƙe bugun dare da rana, damina da rani.

Abin da ya shafi ƙananan masu samarwa

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar kafa kasuwannin wutarsu, kuma masana'antu da ƙananan tashoshin sola na ƙara neman hanyar jonuwa da layukan rarrabawa. Inbatar sola ba ta da ƙarfen da ke juyawa. Tana karanta bugun layin ne ta kwaikwaye shi cikin sauri. Amma ita ma an saita mata zangon da za ta yi aiki a ciki, kuma idan bugun ya fita daga wannan zango ko wutar layin ta ɗauke, cire kanta take yi. Saboda haka layin da ba ya zama wuri ɗaya yana korar masu kawo masa ɗauki a daidai lokacin da ya fi buƙatar su.

Janaretan gida kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Ba shi da na'urar daidaita bugu, gudunsa kuma yana sauyawa da zarar an kunna firji ko dutsen guga. Shi ya sa ake saka makunnin sauya layi, wanda ke raba gidan da wutar gari kafin ya haɗa shi da janareta. Wanda ya tsallake wannan makunni, ya haɗa kai tsaye, yana fuskantar haɗari biyu: wutar gari ta dawo ta ƙona injin, ko kuma wutar injin ta bi waya ta koma taransifoma, ta iske ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake.